Ta yaya ake gane asalin ɗanyen mai da iskar gas?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a fannin ilimin duwatsu. Ana koya mana cewa ɗanyen mai da gas daga gawarwakin halittu suka samo asali, amma na karanta cewa wasu masana sun ce daga can cikin ƙasa suke fitowa, babu ruwansu da wata halitta. Tunda babu wanda ya ga lokacin da man ya samu, mene ne hujjarku? Kuma idan mai yana tafiya ya bar inda aka haife shi, ta yaya kuke nuna dutse ku ce wannan ne ya haife shi?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a haɗe: ko mai daga halitta yake, da kuma wane dutse ne ya haifi wane mai. Zan ƙara maka ta uku da ba ka ware ba, wato ta gas, domin hanyar da ake bi a binciki asalinsa daban take da ta mai. Duk ukun aikin fanni ɗaya ne, na nazarin sinadaran kabon da halittu suka bari a cikin duwatsu, kuma a nan nake cin abincina. Abin da zan so ka riƙe tun farko shi ne, ba mu da wani gwaji guda da ke yanke hukunci. Shaidu muke tarawa, kowane mu saurare shi, mu kuma san inda yake iya ƙarya.

Gardamar da ka karanta tsohuwa ce. Tun tsakiyar ƙarni na 18 masanin Rasha Mikhail Lomonosov ya ce mai daga ragowar halittun da aka binne yake. A 1877 kuma Dmitri Mendeleev, wanda ya tsara jadawalin sinadarai, ya ce a'a, ruwa ne ke gangarawa can ƙasa ya haɗu da ƙarfe mai ɗauke da kabon, mai ya fito. Ba ƙaramin mutum ba ne ya faɗa, kuma a ɗakin gwaje-gwaje ana iya samun wani abu mai kama da mai ta wannan hanya, shi ya sa maganar ta daɗe tana yawo. Abin da ya karkata ma'auni ya zo a 1934, lokacin da Bajamushe Alfred Treibs ya ciro wani jan sinadari da ake kira fofirin daga ɗanyen mai da kwalta da dutsen laka. Da ya duba ƙirarsa sai ya ga ƙashin bayan kulorofil ne, wato koren sinadarin da tsiro ke kama hasken rana da shi. Wutsiyarsa ta gutsure, maganiziyom da ke tsakiyarsa ya fita, banadiyom ko nikel ya maye gurbinsa, amma zoben yana nan yadda yake. Irin wannan ƙira mai sarƙaƙiya ba ta haɗa kanta da kanta daga ruwa da ƙarfe. Kuma fofirin ba ya jure zafi mai tsanani, don haka man da ke ɗauke da shi bai taɓa zama a zurfin da Mendeleev ke nufi ba.

Bayan Treibs an gano ɗaruruwan irin waɗannan sinadarai. Akwai kuma shaidar aisotof, wato nau'o'in sinadari ɗaya da suka bambanta a nauyi. Kabon iri biyu ne masu ɗorewa, mai nauyi 12 da mai nauyi 13, na biyun kusan kashi 1 cikin ɗari ne kacal. Tsiro da gansakukar ruwa sun fi son mara nauyin idan suna gina jikinsu, saboda haka duk abin da ya fito daga gare su yana da ƙarancin kabon 13. Idan aka auna ɗanyen mai da ma'aunin da duniya ta amince da shi, wanda a kansa lambar da ta fi yin ƙasa da sifili ke nuna ƙarancin kabon 13, yawanci yana faɗawa tsakanin -20 da -33 cikin dubu, daidai inda kitsen halittu yake. Kabon da ke fitowa daga can cikin ƙasa kuwa galibi kusa da -5 yake.

Masu ɗaya ra'ayin ma sun samu damar gwada nasu. Masanin taurari Thomas Gold ya shawo kan masu zuba jari a Suwidin, aka fara haƙa rijiya a 1986 a yankin Siljan, inda wani dutse daga sama ya taɓa faɗowa ya farfasa ƙasa, wurin da kusan duk dutsen giranit ne. An nitsa fiye da kilomita 6. Abin da ya fito ɗan baƙin tabo ne mai maiƙo, wanda yawancin masana suka danganta da man da aka yi amfani da shi wajen haƙar, kuma ba a samu abin sayarwa ba. Amma kada ka ɗauka maganarsu duk shirme ce. Akwai iskar metan, wato babban sinadarin da ke cikin gas, da ke samuwa ba tare da halitta ba, idan ruwa ya ci wasu duwatsu masu ƙarfe: an same ta a ƙarƙashin tekun Atilantika a wurin da ake kira Lost City, da ma'adanar Kidd Creek a Kanada, da wutar da ke ci a jikin dutse a Yanartash ta Turkiyya. Inda suka zarce shi ne cewa manyan filayen mai na duniya ta haka suka samu. Wannan kam shaida ba ta goyi bayansa ba.

Daga laka zuwa mai

Ba daga manyan dabbobin da suka shuɗe mai yake ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Mafi yawansa daga ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, gansakukar da ke shawagi a ruwa da bakteriya, sai ganye da itace da koguna ke kwasowa. Kusan duka ruɓewa suke yi su koma iska. Ɗan abin da ya tsira shi ne wanda ya faɗa cikin laka a gindin ruwan da ba shi da iskar oksijin, aka binne shi da wuri. A can sai ya dunƙule ya zama wani abu mai tauri da ba ya narkewa a cikin ruwan sinadaran da muke wanke dutse da su, shi muke kira kerojin. Wanda ya fito daga gansakukar tafki, nau'i na ɗaya, yana da haidirojin da yawa, mai yake bayarwa sosai. Irinsa ne a duwatsun Green River na Amurka. Na gansakukar teku shi ne nau'i na biyu, kuma shi ya haifi yawancin man duniya. Na itatuwan tudu, nau'i na uku, ya fi karkata ga gas.

Sai zafi. Duk kilomita ɗaya da aka nitsa, zafi yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a yawancin wurare. Idan dutsen ya kai wajen digiri 60 zuwa 150, ya kuma daɗe a haka shekaru miliyoyi, kerojin yana tsinkewa ya saki mai. Ya wuce nan, man da kansa yana farfashewa ya koma gas. Muna da hanyoyin sanin ko dutse ya nuna, wato ya sha zafin da zai sa ya ba da mai. Ɗaya ita ce na'urar Rock-Eval da cibiyar man fetur ta Faransa ta fito da ita a shekarun 1970: a niƙa dutse, a ɗebi abin da bai wuce miligiram 100 ba, a gasa shi a hankali ba tare da oksijin ba, a ga nawa ya saki kuma a wane zafi ya fi saki. Idan ƙololuwar ta kai wajen digiri 435, dutsen ya fara ba da mai. Ɗayar kuma a goge dutsen ya yi santsi, a nemi ɓurɓushin itace da ake kira bitirinait a madubin ƙara girma, a auna hasken da yake mayarwa. Daga kashi 0.6 zuwa 1.3 cikin ɗari lokacin mai ne, sama da 2 busasshen gas kawai ya rage.

Irin wannan dutse bai cika yawa ba. Wani nazari da Klemme da Ulmishek suka fitar a 1991 ya nuna cewa zamani shida ne kawai a tarihin ƙasa suka ba da fiye da kashi 90 cikin ɗari na man da gas da aka gano, kuma biyu daga cikinsu, ƙarshen zamanin Jurasik da tsakiyar zamanin Kiretashiyos, kaɗai sun ɗauki fiye da rabi. Ni a ganina wannan ma amsa ce ga masu cewa daga can ƙasa mai ke ɓuɓɓugowa. Da haka ne, ba zai riƙa bin shimfiɗun laka na wasu zamunna ƙalilan ba.

Yadda muke haɗa mai da dutsen da ya haife shi

Gaskiyarka, mai ba ya zama inda aka haife shi. Ya fi ruwa rashin nauyi, don haka yana fita daga laka ya bi dutsen yashi ko tsagar ƙasa yana hawa har sai ya ci karo da abin da ya tare shi, wato tarko, ya taru a dutsen da muke kira ma'ajiya. Wani tafiyar kilomita kaɗan yake yi, wani kuma, kamar na Alberta a Kanada, ɗaruruwan kilomita. Amma yana tafe da kayan gidansu.

Ga yadda aikin yake a hannu. Idan aka kawo mana ɗanyen mai, mukan ɗebi ɗan kaɗan mu zuba masa wani ruwan sinadari mai suna fenten, sai baƙin ɓangarensa mai kauri ya kwanta a gindin kwalba. Sauran mu zuba shi a wani siririn bututun gilashi da aka cika da garin silika. Kashin farko da ke sauka fari ne tas kamar ba mai ba, na biyu ruwan ɗorawa, na ƙarshe ja mai duhu. Wannan farin shi muke allurawa a na'urar GC-MS, inda yake bin wani bututu mai tsawon mita 30 ko 60 da siririnsa bai wuce zare ba, sinadaran suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, na'ura tana farfasa kowane tana auna nauyin gutsattsarinsa. Sai mu ce mata ta nuna mana masu nauyi 191 kawai, ko 217. Abin da ke bayyana a kwamfuta jerin tsaunuka ne masu tsini, kuma wanda ya saba yana iya kallon su ya ce wannan man teku ne tun kafin ya yi lissafi. Dutsen da ake zargi shi ma a niƙa shi, a wanke maiƙon da ke jikinsa, a bi da shi ta hanya ɗaya, sannan a jera hotunan biyu.

Masu nauyi 191 su ne hofen, daga fatar bakteriya suke, kuma kusan babu man da ba su. Masu 217 su ne siteren, jikokin kolestarol da danginsa. A cikinsu wanda ke da ƙwayoyin kabon guda 27 ya fi yawa a halittun ruwa, mai 29 ya fi yawa a tsiron tudu, ko da yake wasu gansakuka ma suna yin sa, kuma wannan ya sha rikita masu gaggawa. Akwai wani mai kabon 30 da gansakukar teku kaɗai ke bari. In ka gan shi, ruwan gishiri ya taɓa wurin. Gamaseren mai yawa yana nuna ruwan da ya rabu hawa-hawa, sau da yawa saboda gishiri ya yi yawa. Firisten da fiten kuma, yawancinsu daga wutsiyar kulorofil ɗin nan da ta gutsure suke: idan fiten ya rinjaya, gindin ruwan ba shi da oksijin, idan firisten ya ninka shi sau uku ko fiye, kayan tudu ne da suka sha iska kafin a binne su.

Wanda na fi so shi ne oliyanen, saboda yana faɗin abu biyu a lokaci guda. Daga tsire-tsire masu fure yake fitowa, su kuwa ba su yaɗu a duniya ba sai a zamanin Kiretashiyos. Man da ke da shi da yawa, to dutsen da ya haife shi bai girmi wannan zamani ba, kuma kogi ya kawo masa kaya daga tudu. Haka man Neja Delta yake, wanda a kansa aka yi wasu daga cikin binciken farko na wannan sinadari, haka ma na bakin kogin Mahakam a Indonesiya. Sai dai rashinsa ba ya nufin man tsoho ne. Yana iya zama dai wurin ya yi nisa da gaɓa.

Sinadaran nan suna faɗin zafin da suka sha ma. Halitta tana ƙera siteren da siffa ɗaya tak. Zafi yana juya wani sashe nasa a hankali zuwa kishiyar siffar, har su kusa daidaita, sabuwar ta tsaya a wajen kashi 52 zuwa 55 cikin ɗari. Daga nan ba ta ƙara motsi, don haka wannan ma'auni yana aiki ne a farkon nuna kawai.

Da irin wannan aka tabbatar cewa yawancin man Tekun Arewa, wanda ke gabashin Birtaniya, daga lakar Kimmeridge ta ƙarshen Jurasik yake, wadda ake ganin ta a fili a gaɓar kudancin Ingila, alhali gas ɗin kudancin tekun da na Groningen a Holan daga gawayin zamanin Kaboniferos yake. Man tafkin Maracaibo na Benezuwela an kai shi ga dutsen La Luna, na Hassi Messaoud a Aljeriya ga baƙar lakar zamanin Siluriyan. Amfanin wannan ga mai neman mai a fili yake: in ka san dutsen da ya haifa, ka san inda ya nitse har ya nuna, sai ka bi hanyar da man zai hau ka nemi tarkon da ke kanta.

Hanyar tana aiki a wajen rijiya ma. Bayan jirgin Exxon Valdez ya zubar da mai a Alaska a 1989, masana na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ƙarƙashin Keith Kvenvolden, sun tsinci dunƙulen kwalta a gaɓar wurin. Kowa ya ɗauka na jirgin ne. Da aka auna, da yawansu kabon ɗinsu wajen -24 yake, na jirgin kuwa wajen -29, kuma sinadaransu na man Monterey ne na Kalifoniya. Bayanin da ya fi dacewa shi ne kwalta ce da aka shigo da ita tun da, ta zube daga tankuna a girgizar ƙasar 1964.

Gas ba shi da yawan magana

Metan kabon ɗaya ne da haidirojin huɗu, babu inda zai ɓoye hofen ko siteren. Abin da ya rage mana shi ne aisotof da kuma abokan tafiyarsa. Wasu ƙananan halittu da ke rayuwa inda babu oksijin suna yin metan a laka mara zurfi, ba tare da zafi ba. Nasu yana da ƙarancin kabon 13 ƙwarai, yawanci ƙasa da -55 ko -60, kuma kusan shi kaɗai yake zuwa, yana iya ninka etan da furofen, 'yan'uwansa da suka fi shi nauyi, sau dubu. Wanda zafi ya yi kuwa yana tsakanin -50 da -25, tare da etan da furofen masu yawa, kuma yana ƙara nauyi yayin da dutsen ke ƙara nuna. Kada ka raina na ƙananan halittun: an ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin biyar na gas ɗin duniya nasu ne, kuma babban filin Zohr da aka gano a ruwan Masar a 2015 irinsa ne.

Matsalar gas ita ce saurin gauraya. Iri biyu suna haɗuwa a ma'ajiya ɗaya su ba ka lamba ta tsakiya wadda ba ta kowa ba. Wasu bakteriya suna cin metan su bar mai nauyin, sai na laka ya yi kama da na zafi. Shi ya sa ba na yarda da sakamakon metan shi kaɗai. Sai na ga na etan da furofen, da aisotof na haidirojin, da na iskar kabon dayoksaid da ke tare da su. Daga wajen 2014 an samu sabuwar dabara ta auna sau nawa aisotof masu nauyi biyu ke haɗuwa a ƙwayar metan guda, wanda ke nuna zafin da aka yi ta. Tana da kyau, amma na'urorinta kaɗan ne, kuma metan na halittu ba kullum yake bin ƙa'idarta ba.

Inda shaidun ke ruɗa mu

Kama da wane ba ta wane. Duwatsu biyu da aka shimfiɗa a irin yanayi ɗaya suna iya ba da hoto kusan iri ɗaya ko da shekaru miliyoyi ne tsakaninsu. Ya fi sauƙi in ce maka wannan dutse ba shi ya haifi man nan ba, da in rantse cewa shi ne. Sau da yawa ma dutsen na gaskiya yana can zurfin da babu rijiyar da ta kai, sai dai mu siffanta shi daga man: na teku ne, mai farar ƙasa, ba oksijin, mai yiwuwa na zamani kaza. Wannan hasashe ne mai hujja, kuma haka ya kamata a rubuta shi a rahoto.

Man da kansa yana canzawa bayan ya isa ma'ajiya. Inda zafi bai kai wajen digiri 80 ba, bakteriya suna cin sa. Suna farawa da sinadarai masu miƙaƙƙen jiki, su koma kan firisten da fiten, in abin ya yi nisa su taɓa siteren da hofen. A hoto sai ka ga tsaunukan sun ɓace, wani ƙaton tudu ya taso a madadinsu. Haka aka samu kwaltar Athabasca a Kanada da man Orinoco mai kauri a Benezuwela. A ɗaya gefen kuma, man da ya sha zafi sosai sinadaran shaidarsa sun ƙone saura kaɗan, don haka ɗan wani mai da ya gauraya da shi a hanya, ko da kaɗan ne, shi zai cika hoton. Mai karatu da gaggawa sai ya ba wa mai yawan asalin ɗan kaɗan ɗin. A irin wannan hali mukan koma ga wasu sinadarai masu ƙirar lu'ulu'u da ke jure zafi, waɗanda ke taruwa yayin da sauran ke ƙonewa.

Sai gurɓata, wadda ita ce ta fi cin mutane. Wani kamfani ya taɓa aiko mana da ɓarɓashin dutse daga rijiya yana murna an ga alamar mai. Hoton ya fito da wani dunƙulallen tudu a daidai inda man dizal ke fitowa, babu komai gabansa, babu komai bayansa. Da muka nemi a kawo tabon da aka yi haƙar da shi muka gwada, shi ne. Manya ma abin ya taɓa su: a 1999 an ba da rahoton samun siteren da hofen a duwatsun Pilbara na Ostireliya masu shekara biliyan 2.7, labarin ya zaga duniya, sai a 2015 aka sake haƙa da tsafta mai tsanani aka ga daga baya suka shiga. Don haka a wurinmu kwalban gilashi sai an gasa su a digiri 450, ba ma ajiye samfur a roba domin tana zubar da nata sinadaran, ba ma taɓa dutse da hannu domin fatar mutum ma tana da kolestarol, kuma kowane zagaye muna gwada kwalba wadda babu komai a cikinta don mu ga abin da ɗakin da kansa yake ƙarawa.

Tunda kai ɗalibin duwatsu ne, ga inda naka ilimin ke shigowa. Idan na ce man nan daga dutse kaza yake, kai ne za ka duba ko dutsen ya nitse har ya nuna, ko akwai hanyar da ta haɗa shi da ma'ajiyar, da kuma ko tarkon ya riga ya samu kafin man ya taso. In ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, sai a dawo a sake duba sakamakona, komai kyan hoton. In kuma wata rana aka tura ka ɗebo samfur a bakin rijiya, ka rubuta zurfin daidai, ka sa shi a gilashi ko gwangwanin ƙarfe mai tsafta, ka haɗo mana da ɗan tabon haƙar na wannan ranar da jerin duk abin da aka zuba a cikinsa.